Babi na Biyar: Awon Abin da Ke Zuciyar Matashi

A shekarar 1955 an haifi jarirai 698 a Kauai, ɗaya daga cikin tsibiran Hawayi. Da yawa daga cikin iyayensu leburori ne a gonakin rake da na abarba, zuriyar mutanen da aka kwaso daga Japan da Filifin da wasu wurare don aikin gona. Wata tawagar likitoci da masana halayyar ɗan Adam ta ƙudiri aniyar bin sawun yaran nan kaf, ba tare da zaɓen wasu a bar wasu ba. An duba su suna shekara ɗaya, aka koma suna biyu, sannan suna 10, da 18, da 32, da 40. Emmy Werner da Ruth Smith ne suka fi daɗewa riƙe da ragamar aikin.

Cikin yaran, 201 sun buɗe ido ne a cikin wahaloli da suka haɗe musu tun kafin su cika shekara biyu: talauci, haihuwa mai wuya, gidan da kullum faɗa ake yi, uba mashayi ko uwa mai taɓin hankali. Kashi biyu cikin uku na waɗannan sun bi hanyar da ake tsoro. Kafin su kai 18, wasu karatu ya gagare su, wasu sun shiga hannun hukuma, wasu 'yan matan sun yi ciki. Amma 72 daga cikinsu sun tashi lafiya lau, suka kama sana'a, suka riƙe gidajensu. Da aka tona abin da ya bambanta su, ba a samu wani sirri ba. Kusan kowanne yana da babba ɗaya aƙalla da ya riƙe shi da gaske, ko da ba uwar da ta haife shi ba ce: kaka, ko yaya, ko gwaggo, ko wani malami. Da yawa an ɗora musu ɗawainiya tun suna ƙanana, irin su renon ƙanne da taimakon gida, kuma sun san ana bukatar su. Hatta waɗanda suka kauce a ƙuruciya, mafi yawansu sun dawo hanya daga baya, ta dalilin aure nagari, ko aikin soja, ko komawa makaranta, ko riƙon addini.

Wannan ilimi sai da ya ci shekara 40 kafin ya nuna. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗin tallafi don ta yi wa yaran sansanin gudun hijira shirin wata tara ba ta da wannan lokaci. Shugaban makaranta ma ba shi da shi, haka likitan da layi ke jira a ƙofarsa. Kowa yana son hanyar da zai gane, yau ɗin nan, wane yaro ne yake tsaye da ƙafafunsa, wane ne kuma yake dab da faɗuwa. Wannan bukata ce ta haifi takardun tambayoyi, kuma a yau su ne suka mamaye fagen.

Yadda ake ƙera ma'aunin

Tsarin da kusan kowa ke bi ya samo asali ne daga Rensis Likert, a 1932. Ana rubuta jimla, mai amsa ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar, tun daga "ko kusa ba haka nake ba" har zuwa "haka nake kusan kullum". Mai bincike yakan rubuta jimloli masu yawa, ya raba wa ɗaruruwan mutane, sannan ya duba waɗanda amsoshinsu ke tafiya tare: wanda ya amsa e a wannan, galibi ya amsa e a waccan. Su ake riƙewa. Jimlar da ta ware ta yi gefe, sai a cire ta. Akwai wani lissafi da Lee Cronbach ya fitar a 1951, lamba ce tsakanin 0 da 1, kuma idan ta kai 0.7 ko ta wuce ana cewa takarda ta haɗa kanta. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya game da lambar nan, domin zai riƙa cin karo da ita a rahotanni. Abin da take nunawa kawai shi ne jimlolin sun yarda da juna. Ba ta tabbatar da cewa abin da suka taru a kansa shi ne juriya ba.

Ma'aunin juriya da ya fi yaɗuwa shi ne wanda Kathryn Connor da Jonathan Davidson na Jami'ar Duke suka fitar a 2003, wanda ake taƙaita sunansa da CD-RISC. Jimloli 25 ne, kowace da maki 0 zuwa 4, jimilla 100. Yana tambayar mutum ko yana iya sajewa da sauyi, ko yana farfaɗowa bayan ciwo ko asara, ko faɗuwa tana saurin kashe masa gwiwa. A cikin 25 ɗin akwai wadda ta shafi samun mutane na kusa da za a jingina da su, akwai kuma wadda ta shafi taimakon Allah ko ƙaddara. A 2007 wasu masana biyu, Campbell-Sills da Stein, suka gwada takardar a kan ɗaliban jami'a a Amurka, suka rage ta zuwa jimloli 10 waɗanda suka fi tafiya tare. Jimlar Allah ta fita. Jimlar mutane na kusa ma ta fita. Ba ƙeta ce ta sa ba, lissafi ne ya nuna ba sa bin sahun sauran. Sai dai sakamakon shi ne, gajeriyar takardar, wadda ake so saboda sauƙin cikewa, ba ta ko tambayar abin da aka gano shi ne ya ceci yaran Kauai.

Akwai wani ma'aunin, na Gail Wagnild da Heather Young, na 1993, wanda aka tsamo jimlolinsa daga hira da tsofaffin mata 24 a Amurka da suka tsallake manyan jarabawoyin rayuwa. Yau ana raba shi ga matasa a ƙasashe daban-daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a fannin. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam na 2003 zuwa 2007, ya samu kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda gaba ɗayansu kashi 12 ne na mutanen duniya. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a garuruwa biyu ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zama daidai da na waccan ba, kuma ba a cewa ɗaya na ƙarya ne. Kuskuren yana zuwa ne idan aka auna da na can, aka yi ciniki da farashin nan.

Wane ne kai?

Batun sanin kai ya fi na juriya wuyar kamawa. Mutumin da ya shigo da shi fagen, Erik Erikson, shi kansa ya sha fama da tambayar. An haife shi a Jamus a 1902, bai taɓa sanin mahaifinsa ba, ya tashi da sunan mijin mahaifiyarsa, Homburger. Dogo ne mai farin gashi, don haka a wurin ibadar Yahudawa yara suna yi masa gorin baƙo, a makaranta kuma suna yi masa gorin Bayahude. Da ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1939 sai ya zaɓa wa kansa sunan Erikson. A littattafansa na 1950 da 1968 ya ce babban aikin da ke gaban matashi shi ne ya haɗa jiyansa da yau ɗinsa da gobensa su zama mutum ɗaya, wanda shi ya yarda da shi, jama'arsa ma suka yarda.

Erikson bai auna komai da lamba ba. James Marcia ne ya yi wannan, a 1966, da ɗaliban jami'a maza 86. Ya zaunar da kowanne ya tambaye shi game da sana'a da addini da siyasa, yana neman abu biyu: ya taɓa shiga ruɗani ya lalubi hanyoyi daban-daban? Ya tsaya a kan ɗaya? Daga nan ya raba su gida huɗu. Akwai wanda ya laluba ya tsaya, akwai wanda yake cikin lalube, akwai wanda bai laluba ba bai kuma tsaya ba. Na huɗu shi ne wanda ya tsaya ba tare da ya laluba ba, ya karɓi abin da iyaye suka miƙa masa. Marcia ya ɗauki wannan na huɗun a matsayin wanda ya rufe ƙofa da wuri, kuma a bincikensa su ne suka fi kowa nuna biyayya ido rufe ga masu iko. Daga baya aka mayar da hirar takardar cikewa, ɗaya mai jimloli 64 a 1986, wasu gajeru kuma daga Holand da Beljiyam a 2008.

Yanzu a kai wannan takarda Ƙofar Mata a Kano, a miƙa wa saurayi ɗan shekara 17 wanda ya taso a bakin karofi. Tun yana ƙarami yake kallon mahaifinsa yana haɗa baba da toka, ya san lokacin da ruwan rini ya nuna daga launin kumfarsa, ya san yadda ake tsoma ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska kafin shuɗin ya kama. A tambaye shi ko ya taɓa tunanin wata sana'a daban da ta gidansu, ya ce a'a. A tambaye shi ko ya taɓa sa shakku a addininsa kafin ya yarda da shi, ya ce subhanallahi. Takarda za ta jefa shi gida na huɗu. Ni kuwa ban yarda cewa yaron nan bai san kansa ba. Lalubensa a cikin sana'ar yake: ko zai tsaya a kan zanen gargajiya ko zai ƙirƙiro nasa, ko zai sayar a nan ko zai nemi masu saye ta waya, wace zawiya ko wane malami zai bi. Takardar ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin masu rubuta ta sun ɗauka lalube na gaskiya sai a wajen gida ake yin sa.

Kada kuma mu wanke kanmu gaba ɗaya. Akwai yaran da aka rufe wa ƙofa da ƙarfi: yarinyar da aka cire daga aji uku na sakandare aka yi mata aure tana kuka, yaron da yake son aikin injiniya aka ce shago zai zauna. Su ma gida na huɗu za su faɗa. Laifin takardar a wajena shi ne ba ta iya bambanta su da ɗan marinan da yake alfahari da gadonsa, alhali wannan bambanci shi ne abin da malami ko mai ba da shawara yake bukatar sani.

Akwai wani tsohon gwaji mai sauƙi da Kuhn da McPartland suka fito da shi a 1954: a ba mutum layi 20, kowanne ya fara da "Ni…", ya cike da kansa. Da aka gwada shi a Kenya a wani bincike da aka buga a 1997, makiyayan Samburu da Masai sun fi cike layukan da matsayinsu a cikin jama'a, ɗan wane, mijin wance, ɗan wace zuriya. Ɗaliban Amurka sun fi cikewa da halayensu na kashin kai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗaliban jami'a na Nairobi: amsoshinsu sun fi kama da na Amurkawan. Ashe ba launin fata ba ne ko nahiya, makaranta da zaman birni suna sauya yadda mutum yake ba da labarin kansa. Ke nan takarda ɗaya tana iya dacewa da ɗalibin jami'a a Zariya, ta kuma kasa kama ƙaninsa da ke kiwo a ƙauye.

Sai batun ƙabila. A 1992 Jean Phinney, a Los Anjeles, ta fitar da ma'aunin da ke auna yadda matashi ya san ƙabilarsa da yadda yake jin shi ɗan cikinta ne. Takardar tana farawa da neman mutum ya rubuta ƙabilarsa. A can wannan yana da sauƙi fiye da nan. Me yaron Tudun Nufawa ko Ayagi ko Zangon Barebari zai rubuta, wanda sunan unguwarsu ma yana ba da labarin inda kakanni suka fito, amma shi Hausa kaɗai yake ji? Me Bafulatanin da bai iya Fulatanci ba zai rubuta, ko ɗan Zango a Kumasi, ko Bahaushe Kirista na Wusasa? Da yawa daga cikin matasanmu, idan aka ce wane ne kai, garinsu za su fara ambata, ko addininsu, ko sana'ar gidansu. Wanda ya samu maki kaɗan a ma'aunin ƙabila yana iya kasancewa a kafe yake daram ta wata fuskar da ba a tambaya ba.

Waɗanda suka fara da tambayar jama'a

A farkon shekarun 2000 wani masanin aikin jin daɗin jama'a a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax a Kanada, Michael Ungar, tare da Linda Liebenberg, suka bi wata hanya daban. Maimakon su rubuta jimloli a ofis su aika duniya, sai suka tara abokan aiki daga wurare 14 a ƙasashe 11, ciki har da Gambiya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Falasɗinu da Isra'ila da Kolombiya da Indiya da Rasha. A kowane wuri aka zauna da matasa da manya aka tambaye su: a nan garin, me yaro yake bukata don ya tashi da kyau duk da wahala? Daga amsoshin aka haɗa jimloli 58, aka gwada su a kan matasa 1,451, aka tace su zuwa 28 a 2011, daga baya aka fitar da mai 12. Sunan takardar a taƙaice CYRM.

Wanda ya karanta ta bayan ya karanta CD-RISC zai ji bambancin nan take. Tana tambayar yaro ko yana samun abin da zai ci idan ya ji yunwa. Tana tambayar ko iyayensa ko masu riƙonsa sun san halin da yake ciki, ko ana yi masa adalci a garinsu, ko ya san inda zai je neman taimako, ko imaninsa yana ba shi ƙarfi, ko yana alfahari da asalinsa, ko yana jin daɗin al'adun mutanensa. An kuma bar wa kowane gari damar ƙara nasa tambayoyin. A ganin Ungar, juriya ba ƙarfin zuciya kaɗai ba ce. Iya neman abin da kake bukata ne, tare da samun jama'ar da za ta iya ba ka shi ta hanyar da ba ta ci mutuncinka ba. Idan aka bi wannan fahimta, ƙarancin maki ba hukunci ba ne a kan yaro. Sau da yawa hukunci ne a kan garin da yake zaune.

A nan ne sanin kai da juriya suke haɗuwa, kuma hujja mafi ƙarfi da na sani a kan haɗuwarsu ba daga takardar tambayoyi ta fito ba. Michael Chandler da Christopher Lalonde sun duba alƙaluman kashe kai tsakanin matasan 'yan asalin ƙasa a lardin Birtish Kolombiya na Kanada, a al'ummu kusan 200, suka buga sakamakon a 1998. A wasu al'ummun abin ya yi muni ƙwarai, a wasu kuwa ko mutum ɗaya babu. Suka ƙirga abubuwa shida a kowace al'umma: ko tana mulkin kanta, ko tana fafutukar ƙasar kakanninta, ko makaranta da asibiti da tsaro suna hannunta, ko tana da wurin raya al'adunta. Duk inda aka ƙara ɗaya, mace-macen sun ragu, kuma inda shidan suka cika ba a samu ko ɗaya ba a shekarun da aka duba. A 2007 suka ƙara da harshe: inda aƙalla rabin jama'a suke iya hira da harshen kakanninsu, matasa ba su cika kashe kansu ba. Matashin da yake ganin jama'arsa tana da jiya kuma tana da gobe, shi ma yana iya hango kansa a goben.

A ƙarƙashin rumfa

Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabashin Najeriya, ya tsallaka Diffa da arewacin Kamaru da gaɓar tafkin Chadi. Inda ƙungiyoyin agaji suka je, takardun tambayoyi sun bi su. Bari mu kalli yadda irin wannan zama yakan kasance. Ma'aikaciya ta zo da kwamfutar hannu, ta zauna a bakin tabarma. Yarinya 'yar shekara 14 tana gefe, kanta a sunkuye, tana wasa da bakin hijabinta. Uwar tana tsintar wake taku uku daga nan, ƙanne sun yi cirko-cirko a ƙofa. An rubuta tambayoyin da Turanci, an mayar da su Hausa, yarinyar kuma Kanuri ko Margi ko Larabcin Shuwa ta tashi da shi.

"Ƙanwata, kina iya gaya wa mutanen gidanku abin da ke damun ki? Ko kusa, kaɗan, tsaka-tsaki, sosai, ko sosai da sosai?"

Yarinyar ta saci kallon uwarta. "Alhamdu lillahi, Anti."

Ma'aikaciyar tana da gidaje da yawa da za ta shiga kafin la'asar. Sai ta danna "sosai".

Ba wanda ya yi ƙarya a nan. An koya wa yarinyar cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba a kai ƙarar uwa a gaban baƙo. A gidan da ke kusa abin yana iya juyawa: labari ya zaga cewa masu rubuta suna ne suka zo, wanda ya fi nuna damuwa shi zai shiga jerin tallafi, don haka kowace amsa sai ta koma can ƙarshen muni. Akwai kuma jimlolin da ake juyawa da gangan don a kama mai amsa e ga komai, waɗanda idan aka karanta su da baki sukan rikita mai sauraro. Masu bincike na kirki suna ƙoƙarin rage waɗannan. Suna neman wurin da ba kunnen kowa, suna sa mace ta tambayi mace, suna bayyana tun farko cewa amsa ba za ta ƙara ko rage rabon kowa ba, suna zana kofuna biyar daga wanda ba komai zuwa cikakke don yaro ya nuna da yatsa. Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi, kuma shi ne abu na farko da ake yankewa idan kasafi ya matse.

An yi abin da ya fi haka a arewacin Yuganda, lokacin da yaƙi ya tara mutanen Acholi a sansanoni. Paul Bolton da Theresa Betancourt da abokan aikinsu sun fara ne da tambayar yara da iyaye matsalolin da ke damun yaran sansanin, da bakinsu. Aka samu sunayen damuwa da mutanen suka riga suka sani, kowace da alamominta, kamar yawan tunani, da keɓe kai, da zama a rafka tagumi. Da waɗannan alamomi aka gina takardar. Sannan aka gwada hanyoyin taimako biyu a kan matasa 314 masu shekara 14 zuwa 17 a sansanoni biyu na Gulu, aka buga sakamakon a 2007. Zaman tattaunawa na rukuni ya rage wa 'yan mata damuwa sosai, bai nuna tabbataccen tasiri ga maza ba. Shirin wasanni kuwa bai rage damuwar ba. Labari ne mai ɗaci ga masu shirin wasannin, amma irin labarin da ma'auni nagari kaɗai zai iya bayarwa.

Maki mai yawa ma abin dubawa ne

A Boston an bi ɗalibai sama da 1,300 'yan aji takwas. Waɗanda suka samu shiga wasu makarantu masu tsananin horo sun fi takwarorinsu cin jarabawa, amma da aka ba su takardar auna ƙwazo da kamun kai sai suka ba kansu maki ƙasa da na takwarorin. Bayanin da masu binciken suka fi rinjaya a kai shi ne kowa da na kusa da shi yake gwada kansa: yaron da ke cikin masu ƙwazo yakan ga kansa rago. Shi ya sa Angela Duckworth, wadda ta yi suna da ma'aunin naci, ta haɗu da David Yeager a 2015 suka yi gargaɗin kada a yi amfani da irin waɗannan takardu wajen yanke wa makarantu hukunci.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne binciken Gene Brody a ƙauyukan jihar Jojiya, da matasa baƙar fata 489, wanda aka buga a 2013. Cikin 'ya'yan gidajen da suka fi talauci, waɗanda malamai suka yaba da natsuwarsu da ƙoƙarinsu suna 11 zuwa 13 sun kai shekara 19 ba sa cikin rigima, ba su da yawan baƙin ciki. Amma da aka auna hawan jininsu da nauyinsu da sinadaran da jiki ke fitarwa a lokacin matsi, sai aka ga jikinsu ya fi na sauran jigata. Sun ci nasara, jikinsu ne ya biya. Mark Eggerman da Catherine Panter-Brick sun ga makamancin haka a Afganistan, inda suka yi hira da ɗalibai 1,011 da masu riƙonsu. Imani, da haɗin kan iyali, da hidima ga iyaye, da kare mutunci su ne suka riƙe mutane a tsaye. Su ɗin ne kuma suke zama ƙangi ga yaron da talauci ya hana shi sauke nauyin da aka ɗora masa, ko yarinyar da aka ce ta yi shiru don mutuncin gida. Mu da muke yabon mai haƙuri tun yana goye, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Yaron da ba ya kuka, wanda yake ɗaukar tallan safe ya je makaranta ya dawo ya ɗebo ruwa, zai cika takarda da maki mai kyau, kuma makin nan yana iya zama dalilin da za a tsallake shi a ba wani.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a watsar da takardun. Suna da amfani idan ana son sanin halin da rukuni yake ciki, ko ana son gane ko wani shiri ya yi aiki, muddin an gina su da bakin mutanen wurin. Ban yarda a rataya wa yaro ɗaya lamba a ce wannan ita ce juriyarsa ba. Ban kuma yarda a buɗe wa yaro ciwon da ke ransa da tambayoyi alhali ba a tanadi inda za a tura shi ba, a ƙasa irin Najeriya da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200.

Babban giɓin da ke gabanmu shi ne komawa. A Saliyo, Betancourt ta fara bin yaran da aka sa su ɗaukar bindiga a 2002, shekarar da aka bayyana ƙarshen yaƙin, ta koma a 2004 da 2008, ta sake komawa bayan sun zama iyaye. Da wannan komawar aka gane cewa abin da yaro ya gani a daji ba shi kaɗai ke yanke makomarsa ba. Wanda garinsu ya karɓe shi, ya kuma ci gaba da makaranta, ya fi samun sauƙi. Wanda ake nunawa da baki kuwa damuwarsa ta daɗe. A Borno da Yobe da Diffa yanzu haka akwai dubban yaran da suka fito daga daji ko aka haife su a can, kuma tun 2021 aka fara rufe sansanonin Maiduguri ana mayar da mutane garuruwa. Yawancin shirye-shiryen agaji na shekara ɗaya ne ko biyu, ana tambaya a farko a tambaya a ƙarshe a rufe fayil. Bin yaran nan na shekara 15 yana bukatar cibiyar da ba ta tashi, irin jami'o'in da ke Maiduguri da Damaturu da Diffa. Yana bukatar a rubuta sunan kawu da na mai unguwa tun ranar farko don a iya gano yaro idan ya ƙaura, a adana bayanan yadda ba za su faɗa hannun da zai cutar da shi ba, a kuma horar da masu tambaya da suke jin Kanuri da Shuwa da Margi, ba Hausa kaɗai ba.